TURANCIN BAKI DA TURANCIN TAKARDA A GARIN MUBI

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a tashar mota ta Mubi, ya kasa kunne na ɗan lokaci, zai ji wani abin mamaki wanda sabo ya hana mu lura da shi. Zai ji ɗan kamasho yana ɗaga murya yana neman fasinja biyu na Yola don lodi ya cika, direba yana ja-in-ja da makaniki a kan birki da taya, kwandasta yana neman canji, can gefe guda kuma mai shayi yana yanka burodi a kan tebur yana ƙulle wa wani lebura a leda. Idan ka tare ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi ko yana jin Turanci, mai yiwuwa ne ya yi dariya ya ce maka ko "zo in kashe ka" bai sani ba. Alhali kuwa a cikin 'yan layukan nan da mai karatu ya wuce akwai kalmomi 15 waɗanda asalinsu Turanci ne. Kai, har shi kansa layin ma daga can ya zo.

Wannan ba abin kunya ba ne, ba kuma sabon abu ba ne. Hausa ta daɗe tana saukar baƙi. Ta karɓi littafi da alƙalami da alƙali daga Larabawa, ta karɓi ashana da akawu daga Yarabawa, ba wanda ya ce ta ragu da kome. Abin da ya kawo wannan rubutu dabam ne. Kalmar Turanci idan ta shigo Hausa takan sake hali, ta ɗauki ma'anar da masu ita ba su san ta da ita ba. Muddin tana yawo a baki tsakaninmu, babu wata ɓarna. Amma ranar da aka rubuta ta a takarda, aka buga hatimi, aka ce mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, to, sai ta koma ma'anarta ta gidan ubanta, kuma da wannan ma'ana ce kotu da banki da asibiti da makaranta za su yi aiki, ba da tamu ba.

YADDA BAƘUWA KE ZAMA 'YAR GIDA

Da farko dai harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe wuri guda ba wasali a tsakaninsu, saboda haka yakan sassaƙe kalma har ta zauna masa daidai. Ta haka "bricklayer" ya zama birkila, "recruit" ya zama kurtu, "sergeant-major" ya zama samanja, "hospital" ta zama asibiti, "interpreter" kuwa ya zama tafinta. Sa'an nan a yi wa baƙuwar jam'i irin na gida, a ce motoci da lauyoyi da direbobi da asibitoci. Inda Bature ya sa harafin P, Bakano F yake sawa, shi ya sa muke da fam da famfo da fenti da fasinja. A Mubi ne za ka ji an bar wa kalmar P ɗinta an ce pampo, domin Fulatanci da harsunan ƙasar suna da wannan sauti, kamar dai yadda ake cewa Bappa a nan, a Kano a ce Baffa.

Sassaƙar sauti ƙaramin al'amari ne. Inda labarin yake shi ne wajen ma'ana. Ɗauki bariki, alal misali. A Turanci "barracks" masaukin soja ne kurum, ba ƙari. Amma da yake a bayan gari Turawa suka fara kafa sansaninsu, tare da sojojinsu da kukunsu da boyi-boyinsu da akawunansu, mutanen da suka baro garuruwansu suka zauna inda ba idon iyaye ba na dangi, sai bariki ta tashi daga sunan wuri ta zama sunan hali. Yau idan aka ce wane ɗan bariki ne, ba wanda zai tambayi lambarsa ta soja. Idan kuwa mace aka kira 'yar bariki, to, sai an kai ruwa rana kafin a raba faɗan.

Haka waya. Asalinta "wire", watau siririn ƙarfen nan da aka ja bisa turaku don aika saƙon tangaraho, daga nan aka sami buga waya da gidan waya. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ba ta zo da ko taƙi ɗaya na siririn ƙarfe ba, amma sunan ya bi ta ya zauna. Leda kuwa daga "leather" take, watau fata, sai ga shi a garin da ake hada-hadar dubban shanu, inda fata ba ta yi ƙaranci ba, abin da ake kira leda shi ne 'yar jakar roba mai toshe magudanar ruwa da damina. Bature yakan saye tikiti ya tafi "theatre" don kallon wasan kwaikwayo, kuma da wannan suna yake kiran ɗakin fiɗa na asibiti. Mu sai muka ɗauki na biyun kaɗai, muka mai da shi sunan aikin kansa, har mukan ce an yi wa wance tiyata. Garin alkama da furen ado kuwa, da yake sunayensu sun yi kama a kunne, sai muka haɗa su muka kira su fulawa, muka bar wa mai saye ya bambance.

Waɗansu kalmomin ma sun fi abin da suke suna tsawon rai. Tun ranar 1 ga Janairu, 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta kama naira, amma dattawa suka ci gaba da kiran naira biyu fam guda, kwabo goma kuma sule. Saurayin da ke rantsuwa yau cewa ba shi da ko sisi bai taɓa ganin sisi da idonsa ba, balle ya san daga "sixpence" ta fito. Shi kansa kwabo "copper" ne, jan ƙarfen da aka ƙera shi da shi. An rushe hukumar lantarki ta NEPA tun 2005, amma har gobe idan wuta ta dawo yara ihun Nepa suke yi.

GARIN DA AKA YI WA TAMBAYA DA TURANCI

Duk abin da aka faɗa a sama ana iya jinsa a Kano ko Sakkwato. Abin da ya sa Mubi ta fita dabam shi ne inda Allah ya ajiye ta. Tana gindin duwatsun Mandara ne, a bakin kogin Yedzaram, iyakar Kamaru kuwa ba nisa ta hanyar Sahuda. Gude da Fali da Njanyi da Fulani da Higi da Margi da Kilba duk suna cuɗanya a kasuwarta, kowa da harshen da ya sha a nono, Hausa da Fulatanci su ne igiyar da ta ɗaure su. Fatake kuma suna ketarowa daga Kamaru da Chadi da shanu, suna tafe da nasu kalmomin aro waɗanda suka samo daga Faransanci. Abin da muke kira kwastan, su duwan suke ce masa. Asibitinmu lopital ne a bakinsu, makarantar boko kuwa lekkol. Mutum biyu 'yan kaka ɗaya, ɗaya a wannan gefen dutse ɗaya a wancan, sai ka ji kowa da irin Baturen da ya bar masa gado a harshe.

Ba don wata ƙuri'a ba, da mutanen Mubi ma lopital za su riƙa zuwa. Jamusawa ne suka fara mallakar wannan yanki a cikin ƙasar Kamaru. Da aka ci su a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka raba ƙasar tsakanin Ingila da Faransa, Mubi ta faɗo a rabon Ingila, aka riƙa mulkinta daga Yola a cikin Lardin Adamawa. A 1946 yankin ya zama abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira "Trust Territory", watau ƙasar amana, wadda Ingila ke riƙo ba mallaka ba. Mai karatu ya riƙe wannan kalma ta "trust", za mu sake gamuwa da ita.

Da mulkin kan Nijeriya ya gabato, sai aka ce a tambayi mutanen Kamaru ta Arewa abin da suke so. A watan Nuwamba na 1959 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta farko, maza kaɗai suka jefa. Tambayar ita ce, ko su zama wani ɓangare na Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami mulkin kai, ko kuwa a ɗage maganar sai wani lokaci. Mutum 70,546 suka ce a ɗage, 42,788 suka zaɓi Nijeriya, abin da ya girgiza gwamnatin Kaduna ƙwarai. Aka sake komawa rumfa a ranakun 11 da 12 ga Fabrairu, 1961, wannan karon har da mata, Mubi kuwa ita ce hedikwatar yankin. Mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni, 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna.

Abin lura a nan shi ne yadda aka gina tambayar ta 1961. A zauren Majalisar Ɗinkin Duniya can Amurka aka tsara ta, mafi yawan waɗanda za su amsa kuwa ba su karanta Turanci, ta bakin tafinta da 'yan siyasa ta iso gare su. Zaɓi biyu ne, kuma kowanne da kalmar "independence" ya zo, watau 'yancin kai. Amma kowanne yana da wutsiya ta kalmomi biyu, "by joining", ma'ana ta hanyar haɗewa: 'yanci ta hanyar haɗewa da Nijeriya, ko 'yanci ta hanyar haɗewa da Kamaru. Ba a ajiye akwati na uku ba don wanda yake son yankin ya tsaya da ƙafarsa. Ba ina cewa kakanninmu sun yi zaɓen tumun dare ba ne, ni kaina ɗan Nijeriya ne ta dalilin wannan ƙuri'a, ban kuwa yi da-na-sani ba. Abin da nake nufi shi ne, babbar kalmar ita ce ta cika kunne, amma ƙananan biyun nan da ke maƙale a bayanta su ne suka yanke hukunci.

YATSAN BAFFA

Ni ba a littafin tarihi na fara sanin wannan ba, a zauren gidanmu na san shi. Ina da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana dillancin shanu. Mutum ne da zai dubi sa sau ɗaya ya faɗa maka kuɗinsa, ba a taɓa cutarsa a ciniki ba, yana jin harsuna huɗu, amma bai yi boko ba. Sa'ad da nake karatun difloma, wani maƙwabcinsa ya nemi rance a wani gidan ba da bashi, ya roƙe shi ya raka shi ya sa masa hannu. Ya ce masa shaida ce kawai ake bukata, a san dai shi mutumin unguwa ne. Baffa ya tafi, aka nuna masa wuri, ya dangwala yatsa, suka dawo gida.

Bayan 'yan watanni maƙwabcin ya ketare iyaka, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai ga masu bashi a ƙofar Baffa. Ya sa aka kira ni, ya miƙo mini takardar ya ce, "Ɗana, duba mini nan. Ni shaida na yi, yaya shaida zai biya bashin da bai ci ba?" Na duba. A ƙasan takardar akwai gurabe biyu. Na hagu an rubuta "witness", wani ne dabam ya sa hannu a wurin. Na dama an rubuta "guarantor", nan yatsan Baffa yake, shuɗi raɗau. Na daɗe ina kallon takardar kafin in iya ɗaga kai, na ce, "Baffa, ba shaida suka rubuta ka ba. Lamuni ka ɗauka."

Da jin kalmar lamuni bai sake tambayar kome ba, domin ya fi ni sanin nauyinta. A kasuwar shanu idan dillali ya lamunce wa mai saye, mai saye ya gudu, dillali ne zai biya, kowa ya san haka tun kaka da kakanni. Da an ce masa lamuni tun farko, da ya yi tunani sau biyu. Ya ce ya ji ma'aikacin wurin ya ambaci garanto, amma shi garantin da ya sani shi ne na mai sayar da rediyo ko batir, wanda zai dafa ƙirji ya ce na ba ka garanti, in abu ya lalace kuwa a yi dariya a rabu. Bijimai biyu Baffa ya sayar ya fita daga wannan magana.

Sai daga baya na san cewa tun zamanin Turawa akwai doka ta kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta wajabta wa duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, a matsayin shaidar cewa an karanta wa mutumin takardar an kuma bayyana masa abin da ke ciki kafin ya sa hannu. Da na san haka a lokacin, da na ce mu nemi lauya kafin a kai bijiman kasuwa.

A CAJI OFIS DA GABAN ALƘALI

Babu inda ratar da ke tsakanin baki da takarda ta fi faɗi kamar wajen shari'a. Tambayi mutum goma a Sabon Layi ko Lokuwa ko Wuro Patuji mene ne beli, mafi yawansu za su ce maka kuɗin da ake biya a sako mutum. A doka kuwa "bail" sakin wanda ake tuhuma ne bisa alkawarin zai dawo ranar da aka neme shi. Wanda ya tsaya masa, shi ake kira "surety", kuma adadin kuɗin da aka ambata a takardarsa, bisa al'ada, ba a nan take ake karɓa ba, abin da zai yi hasara ne idan mutumin ya gudu. Ga shi a ofisoshin 'yan sanda na ƙasar nan ana manna sanarwa da manyan baƙaƙe cewa "Bail is free", watau beli kyauta ne. Amma wanda aka rubuta dominsa ba ya iya karantawa, kalmar kuma ta riga ta zauna a kansa da ma'anar biya, saboda haka tun daga gida yake tahowa da kuɗi a aljihu, yana neman wanda zai miƙa wa. Har wa yau mutane da yawa sun ɗauka mace ba ta tsaya wa mutum beli, alhali dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba za a hana kowa tsayawa don kawai ita mace ce ba.

Akwai kuma wata mai tsada. Alƙali yana iya cewa "discharged", yana kuma iya cewa "discharged and acquitted". A kunnen dangi da ke zaune a bayan kotu duk ɗaya ne, an sallame shi, sai guɗa. Amma na farkon sallama ce kawai, ana iya sake kama mutum gobe a gurfanar da shi kan wannan laifi. Na biyun ne wankewa, wanda tsarin mulki ya hana a sake yi masa shari'a a kansa. Haka nan ƙarar da aka ce an yi mata "struck out" ana iya gyarawa a sake shigar da ita, wadda aka yi wa "dismissed" bayan an saurare ta kuwa ta mutu, sai dai ɗaukaka ƙara. Mu duka biyun "an kori ƙara" muke cewa, har da mu 'yan jarida. Mutum ya ji an kori ƙarar da aka kai shi kan gona, ya yi walima, ya zuba taki, bayan wata uku sai ga sammaci.

Tsarin mulkin 1999 bai bar mutane a duhu ba. Sashe na 35 ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake fahimta. Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a samo masa tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba, idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. A gari irin Mubi wannan ba ƙaramin haƙƙi ba ne, domin akwai tsohuwar da za a fassara mata Turanci zuwa Hausa, ita kuwa Hausar ma ta kasuwa take ji, sai ta gyaɗa kai don kunya, a rubuta cewa ta fahimta.

Maganar gona ta dawo da mu ga kalmar nan da na ce a riƙe. Wanda ya sami takardar fili ta gwamnati, wadda ake kira siyobo a baki, yakan ce ya mallaki filin har abada. Amma sunan takardar "Certificate of Occupancy", watau shaidar izinin zama, galibi na shekara 99. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta ya riƙe "in trust", bisa amana, don amfanin 'yan ƙasa duka. Garin da ya fita daga riƙon amanar Ingila a 1961, bayan shekara 17 sai ga filayensa sun shiga wata amanar.

FASIN DA BA YA WUCEWA

Mubi gari ne na karatu. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979, ga Jami'ar Jihar Adamawa da aka buɗe a 2002, kowace shekara iyaye daga ƙauyuka suna sayar da gyaɗa da wake da awaki don turo 'ya'yansu. A nan ma kalma guda tana sa hawaye. Yaro ya kawo sakamakon jarrabawar gama sakandare, uba ya tambaya ko ya yi fasin, yaro ya ce ƙwarai, ga shi ma an rubuta "pass" a gaban Turanci da Lissafi. Bai yi ƙarya ba. Amma a ma'aunin hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, daga A1 zuwa C6 ne ake lissafawa a "credit", D7 da E8 su ne "pass", F9 kuwa faɗuwa. Jami'a tana neman kiredit biyar ne, har da Turanci, a fannoni da yawa kuma har da Lissafi. Watau a wannan takarda fasin ba ya wucewa da kowa ko'ina.

Ita kanta kalmar "credit" hawainiya ce. A makaranta daraja ce, a waya kuɗin kira ne, a kanti bashi ne, a saƙon banki kuwa tana nufin kuɗi sun shigo. 'Yar'uwarta "charge" ma haka: a yi cajin waya, a caji mutum a kotu, mai gyara ya caje ka kuɗin aiki.

A asibiti abin ya fi ban tsoro, domin can ma'anar juyewa take yi gaba ɗaya. Ɗan makaranta ya koya cewa "positive" abu ne mai kyau, "negative" kuwa maras kyau. A takardar gwajin jini kuwa "positive" na nufin an sami abin da ake nema, ko zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon hanta, ko ƙanjamau, "negative" kuma ba a samu ba. Idan ma'aikacin lafiya ya miƙa takarda bai yi bayani ba, jika ɗan aji uku ne zai karanta wa kaka a gida. Sai kuma maganar cokali. Kwalbar maganin yara tana iya cewa "teaspoon", ƙaramin cokalin shayi mai ɗaukar mililita 5, ko "tablespoon", babba mai ɗaukar 15. Idan aka ce wa uwa cokali ɗaya kurum, aka yi shiru, cokalin da ke cikin kwanonta za ta ɗauka, ta ba jariri ninki uku na abin da likita ya nufa.

DAGA TIRANSIFAR MA'AIKACI ZUWA TA WAYA

Kalmomin ba su daina shigowa ba, kowace masifa da kowane ci gaba da nasu suke zuwa. Bayan da 'yan Boko Haram suka kama Mubi a ƙarshen Oktoba na 2014, aka ƙwato ta a watan Nuwamba, mutanen da suka dawo daga gudun hijira sun dawo da sababbin kalmomi a bakinsu, irin su kam da aidipi da enjiyo. Da yawa kuma sun koya da wahala cewa a yi wa mutum rajista dabam, a zaɓe shi cikin masu karɓar taimako dabam.

Ta baya-bayan nan ita ce ta kuɗi. A zamanin iyayenmu tiransifa ita ce a ɗauke malamin makaranta ko ɗan sanda daga Mubi a kai shi Ganye ko Gembu. Da aka sake fasalin naira, takardun kuɗi suka yi wuyar samu a farkon 2023, sai dillalan shanu da masu hatsi waɗanda ba su taɓa yarda da kome ba sai tsaba a hannu suka wayi gari suna jiran alat. Nan ma sai an bambance. Mai saye zai nuna maka fuskar wayarsa an rubuta "successful", ma'ana saƙon ya tashi daga wajensa. Wannan ba shaidar cewa ya sauka a asusunka ba ce, kuma hoton ma ana iya ƙirƙirarsa. "Pending" na nufin kuɗin suna rataye a hanya, "reversed" sun koma inda suka fito, "debit" an cira daga naka. Abin da mai sayarwa zai dogara da shi kaɗai shi ne ya buɗe asusunsa da kansa ya ga adadin ya ƙaru, kafin a kwance igiya daga turke.

Ba zan ɗora laifin duka a kan waɗanda ba su yi boko ba. Su sun yi abin da kowace al'umma take yi, sun ari kalma sun yi mata gyaran da ya dace da bukatarsu. Babban laifin namu ne, mu da muka zauna a aji. Akawun da ya ce garanto alhali ga lamuni, ma'aikacin da ya ce fozitib ya juya baya alhali zai iya cewa an ga cutar, ɗan jaridar da ya rubuta an kori ƙara bai tsaya ya tambayi lauya wace irin kora ba ce, duk ganda ce ta hana mu, ko kuwa son a san mun iya. Kalmomin Hausar suna nan. Bargery ya tara dubbansu a ƙamusunsa tun 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da nata ƙamus na Hausa zalla a 2006. Inda muke cewa adibas, kakanninmu kafin alƙalami suke cewa, wanda duk ya ji kuwa ya san sauran kuɗi na nan tafe.

Baffa dai yana nan, ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa kasuwa. Tun daga waccan shekara ba ya dangwala yatsa a kan kome, ko da takardar karɓar taki ce, sai an kira wani cikinmu. Kuma ba ya yarda a taƙaita masa. Sai an bi takardar layi-layi da yatsa, a faɗi kalmar da Turanci, a faɗe ta da Hausa, in bai gamsu ba a sake da Fulatanci. A watan jiya na je gaishe shi, na tarar an kawo masa takardar buɗe asusun banki don jikokinsa su riƙa turo masa kuɗi ta waya. Shafi huɗu ce, da ƙananan baƙaƙe. Muka fara bayan la'asar, aka kira magariba muna shafi na biyu, ya ce in ninke ta in ajiye a ƙarƙashin buzu, in dawo da safe.